Tambaya da Amsa: Ta yaya kumbo ke gane igiyoyin iska a wata duniya alhali iska ba ta ganuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne, ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a Gombe. Na ji a rediyo cewa akwai kumbunan da ke zagaya duniyar Mas suna nazarin cikowa da janyewa irin na teku, amma a cikin iskarta. Abin ya ɗaure min kai. Mu dai abin da muke koyarwa shi ne wata ke jan ruwan teku ya ciko ya janye, Mas kuwa ba ta da teku. Sannan iska ba a ganinta. To na'urar da ke can sama da nisan ɗaruruwan kilomita, me take gani har a ce ta ga igiya? Kuma me amfanin sanin? Ɗalibaina sun tambaye ni, na ce su ba ni mako guda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake koya wa yaran daidai ne, wata ne ke da kaso mafi tsoka a cikowa da janyewar teku. Sai dai iska ma tana da nata, kuma a nan zafin rana ne ke riƙe da akala. Tun kafin mu je Mas, abin yana faruwa a saman rufin ajinka a Gombe, sau biyu kowace rana.

Idan wayarka tana da ma'aunin nauyin iska (da yawa daga masu ɗan tsada suna da shi, manhaja kawai za ka sauke ta nuna maka lambar), ajiye ta a kan tebur, kada a hau da ita bene ko a sauko da ita, ka riƙa rubuta abin da ta nuna duk awa. Za ka ga lambar ta hau wajen ƙarfe 10 na safe, ta sauka wajen 4 na yamma, ta sake hawa wajen 10 na dare, ta kuma sauka wajen 4 na asuba. Bambancin milibar (ma'aunin da ake ƙirga nauyin iska da shi) 2 ne zuwa 4 a cikin kusan 1,000. Gobe haka, jibi haka, da rani da damina. A Turai sauyin yanayi na yau da gobe yakan binne wannan alamar, amma mu da ke kusa da ikwaita a fili take. Wata ma yana jan iska, sai dai tasirinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba.

Ga yadda abin yake. Ɓangaren duniya da ke fuskantar rana yana ɗumama, iskar wurin ta buɗe ta kumbura. A wajenmu tururin ruwa da ke ƙasa-ƙasa da iskar ozon da ke can sama su ne ke shan hasken. Duniya kuma tana juyawa, don haka kumburin ba ya zama wuri ɗaya, yana bin rana yamma-yamma har ya kewayo cikin awa 24. Da yake ɗumamar da rana kaɗai ake samunta, da dare babu ita ɗungurungum, ba igiya ɗaya take haifarwa ba. Akwai mai maimaituwa duk awa 24, akwai ta awa 12, akwai ta awa 8, duk a cakuɗe. Ka riƙe wannan, domin a nan wahalar aikin take.

Igiyar kuma tana hawa sama, tana hawa tana ƙara girma. Dalili shi ne iska tana ƙara zama shara-shara yayin da ake yin sama, ƙarfin da ya ɗan motsa iska mai kauri a ƙasa idan ya kai can sai ya girgiza ta sosai. Abin da wayarka ta gani a matsayin milibar 2, a tsayin kilomita 100 iska ce mai gudun gomman mitoci a daƙiƙa, tana sauya alƙibla da awanni.

A Mas abin ya fi namu tsanani nesa ba kusa ba. Yininta kusan ɗaya ne da namu, awa 24 da minti 39, amma iskarta, wadda kashi 95 cikin 100 iskar kabon ce, nauyinta a ƙasa wajen milibar 6 ne kawai. Babu teku da zai riƙe zafi ya sake shi da dare. Rana na fitowa komai ya ɗau zafi, tana faɗuwa komai ya huce. Motar Curiosity, da ta sauka a kwarin Gale a Agustan 2012, tana ganin nauyin iska yana hawa da sauka da kusan kashi 10 cikin 100 a yini guda. A nan namu ko rabin kashi ɗaya bai kai ba. Watannin Mas biyu kuwa ƙanana ne ƙwarai, babban cikinsu, Phobos, faɗinsa kusan kilomita 22 ne a matsakaici, ba su da ta cewa a wannan harka. Ƙura ce mai faɗa a ji. Idan ta tashi, ita ke shan hasken rana tun a sama ta ɗumama iskar kai tsaye, igiyoyin su ƙara ƙarfi.

To me kumbo ke gani? Gaskiya ba ya ganin igiya. Awo yake yi, na zafi ko na kaurin iska ko na tafiyar gajimare, sau dubbai a wurare da lokuta daban-daban, sai lissafi ya fito da igiyar daga cikin lambobin.

Ɗauki kumbon Mars Reconnaissance Orbiter na hukumar NASA ta Amurka, wanda aka harba a Agustan 2005 ya isa a Maris 2006. Yana zagaya Mas a tsayin kusan kilomita 300, kowane zagaye minti 112. Hotunan da babbar kyamararsa ke ɗauka su ne ke shiga labarai, amma a harkar iska wata ƙaramar na'ura ce mai suna Mars Climate Sounder ke yin aikin, kuma ba wanda ke yayata ta. Mafi yawan lokaci ba ƙasa take kallo ba. Tana kallon gefe ne, can bakin duniyar inda iska ta yi siririn zobe tsakanin ƙasa da baƙin sarari. Duk abu mai ɗumi yana fitar da wani hasken zafi da ido ba ya gani, iskar kabon kuma tana fitar da nata a wani zango da aka sani sarai. A cikin na'urar akwai ƙananan idanu 21 jere a tsaye a kowace kafa (kowace kafa da zangon hasken da take kallo), kowane ido yana kallon yanki mai kaurin kusan kilomita 5. Na ƙasa yana kallon dab da ƙasa, na bisansa yana kallon sama da shi, haka har tsayin kilomita 80. Kallo ɗaya sai ya ba da zafin iska hawa-hawa, wasu kafofin kuma su ba da yawan ƙura da ƙanƙarar gajimare a kowane hawa. Idan aka ɗauki awon rana aka cire na dare, sai a ga abin mamaki: a wani tsayi rana ta fi dare zafi kamar yadda kowa zai zata, a hau gaba kaɗan sai dare ya fi rana zafi, a ƙara hawa ya sake juyawa. Zafin rana kai tsaye ba zai yi haka ba. Sawun igiya ce mai hawa sama, tana matse iska a nan ta ɗumama, tana sake ta a can ta huce.

Akwai tsohuwar dabara da har yau ba a bar ta ba. Lokacin da kumbo zai ɓuya a bayan duniyar, saƙon rediyon da yake aikowa gida dole ya ratsa ta cikin iskarta, ya fara da ta sama, ya yi ta nutsewa har ya yanke. Iska tana lanƙwasa saƙon ta ɗan jinkirta shi. Manyan faya-fayan karɓar saƙo masu faɗin mita 70 da ke Kalifoniya da kusa da Madrid da kusa da Kanbera suna auna wannan sauyi, daga nan a lissafo kauri da zafi. Da wannan hanya Mariner 4 ya nuna a Yulin 1965 cewa iskar Mas ta fi yadda ake zato siranta ƙwarai. Awonta yana da kyau matuƙa, amma wuri ɗaya take ba ka a lokaci ɗaya.

Wani lokaci kuma kumbon da kansa ne ma'auni. Don a rage kashe mai, injiniyoyi kan sa kumbo ya riƙa gogar saman iskar a kowane zagaye har gudunsa ya ragu, falakinsa ya tsuke. Mars Global Surveyor ya yi haka daga 1997 zuwa farkon 1999. Na'urar da ke auna yadda iska ke riƙe shi ta nuna cewa a tsayi ɗaya, a sa'a ɗaya, kaurin iskar yana canzawa sosai gwargwadon yankin da ke ƙarƙashinsa. Tuddan Tharsis da ramin Hellas da sauran tudu da kwarin ƙasar suna karkatar da igiyar rana, su haifar da wasu igiyoyin da ba sa bin rana, har a ji su sama da kilomita 100.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Yawancin kumbunan da ke ɗaukar hoton Mas an ɗora su a falakin da ke bi ta kan ƙarshen duniyar biyu, arewa da kudu, an kuma daidaita shi yadda kullum za su ratsa ikwaita a sa'a ɗaya ta agogon wurin. Ga mai ɗaukar hoto wannan alheri ne, inuwa iri ɗaya kullum. Mars Reconnaissance Orbiter yana wucewa ne wajen ƙarfe 3 na rana da 3 na dare. Ga mai neman igiya kuwa matsala ce babba. Ka ɗauka wani baƙo yana wucewa ta teburin mai shayi a bakin tasha sau biyu kawai, ƙarfe 8 na safe da 8 na dare. Duk sanda ya wuce benci a cike yake. Zai rantse cewa wannan mai shayi ba ya rabuwa da ciniki, alhali da azahar ko tukunyar ba ta kan wuta. Haka igiyar awa 12 take yi wa kumbon da ke awo duk bayan awa 12: kullum a hali ɗaya yake tarar da ita, sai ta saje da matsakaicin zafin wurin ta ɓace.

Masu kula da na'urar sun yi dabara. Suka sa ta riƙa waiwayawa dama da hagu, ba gaba kaɗai ba, domin abin da ke gabas da kai agogonsa ya ɗan wuce naka, na yamma kuma bai kai ba. Da haka suka samu ƙarin sa'o'i a kowane yini. Sakamakon da Armin Kleinböhl da abokan aikinsa suka fitar a 2013 ya nuna igiyar awa 12 tana da ƙarfi a Mas duk shekara, zafi yana kai ƙololuwa da tsakar rana ya sake kaiwa jim kaɗan bayan tsakar dare, da tazarar da kan kai digiri 32. A da an ɗauka sai an yi babbar guguwar ƙura ake samun haka. Ashe siraran gajimaren ƙanƙara da ke tsayin kilomita 10 zuwa 30 a yankin ikwaita suna shan zafin da ƙasa ke fitarwa da rana, kuma hakan ya isa ya tayar da igiyar ko da sama ta yi garau. Na'urar ta yi shekaru tana wucewa ta kan wannan abu ba ta gan shi ba, ba don ta gaza ba, sai don sa'ar da ake kai ta.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta bi ta wata hanya. Kumbonta Al-Amal, da aka harba daga Japan a Yulin 2020 ya isa ranar 9 ga Fabrairu 2021, can nesa yake zagaye, tsakanin kilomita 20,000 da 43,000, zagaye ɗaya awa 55. Daga nan yana ganin faifan duniyar gaba ɗaya, safiya a wannan gefe, la'asar a wancan, kuma cikin kwana 9 yakan haɗa kusan kowane wuri a kusan kowace sa'a. Abin da ya rasa shi ne gani dalla-dalla. A ganina zaɓen wannan falaki shi ne mafi wayo a duk shirin, domin sun duba abin da manyan ƙasashe suka bari ne suka je suka cike, ba su tsaya gasar kyamara da su ba.

Akwai kuma wani jinsin igiya da ba ruwansa da agogo. Iska ta taho ta tarar da dutse, dole ta hau. Bayan ta tsallake sai ta faɗo, ta zarce inda ya kamata ta tsaya, ta sake tasowa, ta yi ta wannan lilo tana tafiya. Inda ta hau takan yi sanyi gajimare ya fito, inda ta sauka ya narke, shi ya sa wani lokaci za ka ga gajimare layi-layi a bayan duwatsu, ko a nan Bauchi akan gani. Mariner 9, kumbon farko da ya zagaya wata duniya, wanda ya isa Mas a Nuwamban 1971, ya ɗauki hoton irin wannan gajimare a bayan ramukan ƙasarta.

Mafi girman irinta da aka gani kuwa a Zara ne, tauraruwar nan ta asuba da magariba, wadda a littattafan makaranta ake rubuta Venus. Ita duniyar a hankali take juyawa, juyi ɗaya kwana 243 namu, amma gajimarenta a tsayin kusan kilomita 65 yana kewaye ta cikin kwana 4, da gudun kusan mita 100 a daƙiƙa, wato kilomita 360 a awa. Kumbon Akatsuki na Japan, da aka harba a Mayun 2010, injinsa ya samu matsala a Disamban wannan shekara ya wuce bai shiga falaki ba. Ya yi shekara 5 yana zagaya rana kafin injiniyoyin su shigar da shi da ƙananan injinan daidaita zama ranar 7 ga Disamba 2015. Cikin kwanakin farko kyamararsa mai ganin zafi ta ɗauko wani lanƙwasasshen zane a saman gajimaren, tsawonsa kusan kilomita 10,000, daga arewa har kudu. Gajimaren yana ta wucewa a guje, zanen kuwa yana tsaye cak kwana da kwanaki. Da aka duba taswira sai aka ga a daidai saman tuddan Aphrodite Terra yake. Wato iskar ƙasa, mai tafiyar hawainiya a cikin zafin digiri 460, ta yi karo da tsaunuka, igiyar ta hau kilomita 65 ta bayyana a sama.

A Zara bin gajimare ake yi: a ɗauki hoto, bayan awa biyu a sake ɗauka, kwamfuta ta nemo kowane ɗan tabo a hoton farko ta ga inda ya koma a na biyu, tazarar ta ba da gudun iska. Da aka tara irin wannan awo na shekaru, binciken da aka buga a 2020 ya nuna cewa igiyoyin zafin rana suna cikin abin da ke riƙe da wannan gudu na fitar hankali a yankin ikwaita, suna tura wa iskar ƙarfi. An daina jin ɗuriyar Akatsuki a Afrilun 2024.

Batun amfani, na kusa shi ne tsaron kumbunan kansu. Na'urar da za ta sauka a Mas tana shiga iskar da gudun kusan kilomita 20,000 a awa, kuma cikin minti 7 dole ta tsaya. Iskar ce birkinta na farko. Idan kaurinta ya saɓa wa lissafi, lemar sauka za ta buɗe a inda bai dace ba. Shi ya sa kafin kowace sauka ake bin awon zafi da ƙura daga sama kullum.

Na biyu, lissafin da ake hasashen yanayin Mas da shi ɗan'uwan wanda ake hasashen damina da shi ne a nan, dokokin ɗaya ne. Duniyarmu ta cika hayaniya, ga teku, ga daji, ga ruwan sama. Mas ba ta da waɗannan, saboda haka idan lissafi ya kasa fitar da igiyar rana a can, inda take tsirara, an san akwai gyara a cikinsa.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. A tsayin kilomita 100 zuwa sama iskarmu tana ɗauke da lantarki, igiyoyin rana kuma suna tura ta tana gilma maganaɗisun duniya, sai a samu kwararar lantarki. Mafi ƙarfinta wani siririn zirin ne da ke bin ikwaitar maganaɗisu da rana, kuma wannan ziri yana ratsa Najeriya. Taurarin ɗan'adam sun nuna cewa hadarin da ke haɗuwa a Afirka da Kudancin Amurka da yankin Indonesiya yana tayar da igiyoyin da ke barin sawu har a wannan sashe na sama. Ta cikinsa saƙon GPS ke ratsowa, shi ne kuma ke dawo da rediyon gajeren zango ƙasa. Masu nazarinsa, har da na cibiyar binciken sararin iska ta NASRDA, hukumar sararin samaniya ta Najeriya, da ke Anyigba a jihar Kogi, da irin tambayar masu Mas suke fama: a wace sa'a aka yi awon, me kuma ya ɓuya a sa'o'in da ba a yi ba.

Idan cikin ɗalibanka akwai wanda zai wuce Jami'ar Jihar Gombe ko ta Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi ya karanta kimiyyar fiziks, ka gaya masa awon Mars Climate Sounder kyauta yake a rumbun bayanan duniyoyi na NASA a intanet, na Al-Amal ma an sake shi ga kowa. Ba hotuna ba ne, jadawali ne na lambobi: wuri, tsayi, zafi, ƙura, da sa'ar wurin. Ƙaramar kwamfuta da ɗan sanin Python (harshen rubuta manhajar kwamfuta) sun isa a ware awon dare da na rana na wata guda, a cire wannan daga wancan, a zana. Kada ya ce zai sauke duka, shekaru ne masu yawa, datarsa ba za ta kai ba. Ya zaɓi zirin ikwaita kawai, ya ɗauki wata ɗaya daga tsakiyar 2018, lokacin guguwar ƙurar da ta rufe Mas baki ɗaya ta kashe motar Opportunity, ya kwatanta da wata ɗaya na lokacin da sama take garau.